Masu Cewa Abubakar Imam Ɓarawon Labari Ne, Ku Zo Mu Zauna

Akwai wata magana da takan lafa ta sake tasowa a Facebook, kuma kwanan nan ta sake ɗagowa. Wani zai ci karo da tatsuniyoyin Jamus, ya ga wata kuku ta cinye kaji biyu da aka soya wa baƙo, ta ce wa baƙon maigida yana wasa wuƙa ne don ya yanke masa kunnuwa. Sai ya tuna labarin Kalala da Kalalatu da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Nan take ya garzayo ya sanar da duniya cewa ashe Magana Jari Ce kwafe ne, an daɗe ana yaudararmu. Masu sharhi su taru a ƙasa, wasu na salati, wasu na cewa dama sun sani.

Abin da ke ba ni haushi a nan bai wuce yadda ake kawo zancen kamar an bankaɗo asiri ba. Babu wani asiri. Imam da kansa bai ɓoye cewa ya yi aro ba, manazarta irin su Ibrahim Malumfashi kuma sun daɗe da bin labaran nan ɗaya bayan ɗaya suna nuna inda kowanne ya samo tushe.

Ga matsayina tun da wuri. Abubakar Imam ya ari labarai, da yawa ma. Amma abin da ya yi da su sana'a ce mai ƙa'idojinta, wadda zan kira sake saƙa, kuma ta fi ƙirƙirar sabon labari wuya a wurare da dama. Maimakon mu tsaya muna jin kunyarta, kamata ya yi a koyar da ita ga matasan da ke rubutu yau, don yawancinsu aron suke yi su ma, sai dai ba su iya ba.

Abin da ba a musu a kansa

An haifi Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga da Ruwan Bagaja. A gasar nan ce yayansa Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar.

A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, aka ce ya samar wa makarantu abin karantawa. Cikin kimanin wata shida ya yi aikin, littattafan Magana Jari Ce uku suka fito tsakanin 1937 da 1939, da labarai sama da 80 a ciki. Wasu daga Dare Dubu da Ɗaya suke, kamar na Ƙamaruzzaman da na Amjadu da Asadu. Wasu daga 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm. Ruwan Bagaja kuwa, taurarin labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman da suke ta haɗuwa gari-gari kowa na yi wa ɗan'uwansa ƙeta, wanda ya karanta Muƙamatul Hariri a zaure zai gane inda aka samo wannan tsarin.

Duk wannan na yarda. Tambayar ita ce, me ya yi da kayan da aka tara masa?

Daga matar falke zuwa ɗan sarki

A duba Aku, tsuntsun da ke ba da labaran, tunda shi ne ginshiƙin Magana Jari Ce. Akun da ke tsare mutum da labari har gari ya waye tsohon abu ne a Indiya, inda ake da littafin labaran aku guda 70 da harshen Sanskirit. Daga nan ya shiga Farisanci da sunan Tutinama, mai dare 52, a ƙarni na 14. A can ga yadda abin yake: wani falke ya yi tafiya ya bar matarsa, ita kuwa ta yi saurayi, kullum dare sai ta ci ado za ta fita wurinsa. A Tutinama akwai wata tsuntsuwa da ta fito fili ta yi mata wa'azi, matar ta kashe ta. Aku ya ga haka ya sake dabara. Ba ya ce mata kada ta tafi. Yakan ce ta tafi mana, amma ta yi hankali kada abin da ya sami wance ya same ta. Ita kuwa sai ta ce, me ya sami wance? Shi ke nan, sai asuba.

To ka ɗauki wannan ka ce za ka kai wa 'yan firamare a Katsina ko Sakkwato a 1937, ɗiyan malamai da hakimai, waɗanda iyayensu dama suna ɗari-ɗari da boko. Matar aure mai fita wurin kwarto kowane dare. Littafin ba zai kwana a aji ba.

Mai fassara ba shi da mafita a nan, sai ya fassara yadda yake ko ya bari. Imam kuwa ya tambayi kansa abin da ke riƙe da labarin. Zinar ba ita ke riƙe da shi ba. Abin da ke riƙe da shi shi ne mutum mai iko yana son fita da dare zuwa ga halaka, ga kuma wani marar ƙarfi wanda ba shi da makami sai baki, kuma in ya faɗi gaskiya ƙiri-ƙiri zai mutu. Sai ya riƙe wannan ya zubar da saura. Matar falke ta zama Musa ɗan Sarki Abdurrahman. Tafiyar fatauci ta zama fita yaƙi da Sarkin Sinari. Kwarto ya zama fagen fama inda Musa ke ɗokin ya tarar da amininsa Mahmudu, a bayan fage kuma ga Waziri ya ɗana tarko yana jiran yaron ya leƙo waje.

Duba abin da wannan canjin ya haifar. A na Indiya, in aku ya kasa, aure guda ne zai lalace. A na Imam, in Aku ya kasa dare ɗaya, gadon sarauta ya tafi. Sannan son fitar Musa ba abin kunya ba ne, jarunta ce da zumunci, don haka mai karatu yana tausaya masa ko da yake yana so a hana shi. Daga ƙarshe Aku ya zama Waziri, abin da ya ba littafi na biyu da na uku ƙafar tsayawa, har aka kai ga Aku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar baki. Wanda ya ce wannan kwafe ne, ina so ya nuna mini shafin da aka kwafo shi.

Su waɗanda ya ara a wurinsu fa?

Masu sukar suna magana kamar 'yan'uwan Grimm su suka zauna suka ƙago labaransu. Ba su ƙaga ba. Tattarawa suka yi daga bakin mutane da tsofaffin littattafai, suka buga a 1812, suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857. Gyaran ma ba ƙarami ba ne. A bugun farko, uwar da ta sa a kai yara biyu daji a yar da su uwarsu ce ta cikinsu. Daga baya suka mai da ita matar uba, don abin ya yi wa iyayen Jamus na lokacin nauyi. Wato abin da Imam ya yi wa matar falke, su ma sun yi wa nasu.

Dare Dubu da Ɗaya ma haka. Bafaranshen da ya fara kai shi Turai, Antoine Galland, daga 1704 ya fara bugawa, kuma labarin Aladin da na Ali Baba ba sa cikin rubutun Larabcin da yake fassarawa. Daga bakin wani mutumin Halab, Hanna Diyab, ya ji su a 1709, ya rubuta da nasa salon ya cusa. Kalila wa Dimna da malamanmu ke ji da shi, Ibnul Muƙaffa daga tsohon Farisanci ya juyo shi a ƙarni na 8, shi kuma na Farisancin daga Indiya ya zo.

Labari irin wannan kamar irin shuka yake a hannun fatake, kowa ya karɓa ya shuka a ƙasarsa, abin da ya tsiro kuma ƙasar ce ke ba shi ɗanɗano. Ban taɓa jin Bajamushe ya ce yana jin kunyar Grimm ba, ko Balarabe ya ce a daina karanta Ibnul Muƙaffa. Mu ne kaɗai da mun ga namu ya yi kama da na wani sai gabanmu ya faɗi.

Inda masu sukar suke da gaskiya

Ba zan ce ba su da ko ɗaya ba. Da a ce kowane labari a Magana Jari Ce yana ɗauke da layi guda a ƙarshensa mai faɗin inda ya fito, da duk wannan ce-ce-ku-ce bai taso ba. Yaro ya girma yana zaton komai daga kan Imam ya fito, ran da ya gano ba haka ba ne sai ya ji an ci amanarsa. Wannan gyara ne mai sauƙi da masu buga littafin a Zariya za su iya yi a bugu na gaba: shafi uku ko huɗu a baya, sunan labari da tushensa. Ba zai rage wa Imam komai ba. Ni a ganina ma ƙara masa zai yi, don mai karatu zai iya ajiye biyun gefe da gefe ya ga aikin da aka yi.

Na biyu, aikin hukuma ne. Turawan mulki suka nema, su suka zaɓi littattafan da aka ba shi, kuma suna da bukatarsu, wato a sami abin karantawa da boko. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya ba maɗinki yadi ba shi ya yi ɗinkin ba.

Na uku, akwai wuraren da zamani ya wuce, musamman barkwancin ƙabila da yadda ake yawan nuna mata da makirci. Malamin da ke karantar da littafin yau ya kamata ya tsaya a nan ya yi magana da ɗalibai. Wannan hujja ce ta a karanta da ido buɗe, ba ta kai hujjar a jefar ba.

Yadda ake saƙar, da inda take warwarewa

Nan ne na fi so a tsaya, don masu rubutu a WhatsApp da Wattpad da masu karanta littattafai a YouTube kullum cikin aro suke, daga finafinan Indiya da na Koriya da littattafan Turawa. Abin da ke fitowa sau da yawa shi ne labarin waje sanye da sunan Hausa, kamar an ɗora wa Bature hula zanna a kan kwat.

Matakin farko shi ne fitar da ƙashin bayan labarin. Ka karanta shi sau biyu ko uku, ka rubuta shi cikin jimla biyar zuwa bakwai, ba sunan mutum, ba sunan gari, ba sunan abinci. In ya ƙi shiga jimla bakwai, ba ka gane shi ba tukuna. Sannan ka rufe littafin asalin ka ajiye shi kamar mako guda. Wannan ajiyewar ita ce mutane ke tsallakewa, kuma ita ce ke raba saƙa da fassara. Muddin shafin yana buɗe a gabanka, jimlolinsa za su riƙa jan hannunka, ka wayi gari kana rubuta Turanci da kalmomin Hausa.

Bari mu gwada da labarin kyanwa da ɓera na Grimm, tunda gajere ne. Kyanwa da ɓera sun yi abota, sun sayi tukunyar kitse don ajiyar lokacin sanyi, sun ɓoye a coci. Kyanwa ta yi ƙarya sau uku cewa an gayyace ta ta zama uwar baftisma, kowane zuwa ta sha kitsen, in ta dawo ɓera ya tambayi sunan jariri sai ta faɗi suna mai nuni da inda ta kai a tukunyar. Ran da ɓera ya gane, ta cinye shi.

Wanda bai iya ba zai mai da coci masallaci, baftisma suna, lokacin sanyi hunturu, ya ce ya gama. Biyu daga cikin ukun nan kuskure ne. Bahaushe ba ya ajiyar abinci a masallaci, don haka mai karatu zai ji wani abu ya yi masa tsaye ko bai san mene ne ba. A can an zaɓi coci ne don wuri ne da ake ganin ba mai yin sata. Kai kuma sai ka nemi wurin da ke yin wannan aikin a nan: ƙarƙashin tsohon rumbu a kufai, ko kogon kuka da yara ke tsoro saboda aljannu.

Hunturu kuwa ya fi muni. A Jamus lokacin sanyi ne lokacin yunwa. A ƙasar Hausa hunturu yana biyo bayan kaka, rumbu cike, ɓera na cikin daula. Yunwarmu tana zuwa ne tsakiyar damina, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. In kyanwa da ɓera za su yi tanadi, don wannan lokacin za su yi. Kitsen kuma ya zama man shanu a ƙwarya.

Sunan ne kaɗai ya zauna daidai, har ma ya fi na asali zama, domin mu muna da al'adar laƙaba wa yaro suna daga halin da aka haife shi, irin su Nomau da Shekarau da Anaruwa. Saboda haka in kyanwa ta dawo ta ce an sa wa jariri Farau, ɓera ba zai yi zargi ba. Na biyu ta ce mace ce, Rabi. Wannan kyauta ce harshen ya ba ka, suna ne na gaske kuma rabin ƙwaryar ne. Na uku Ƙarasau. A na Jamus ɓera yana ta mamakin baƙin sunaye. A naka, abin dariyar shi ne sunayen ba baƙi ba ne, har ɓera na iya cewa Allah ya raya Rabi.

Haka ake bin kowane sashe, ana tambayar wane aiki yake yi a can, wane abu ne ke yin wannan aikin a nan. Imam ya san wannan sarai. Malalacin Grimm da matarsa da suka musanya awaki da amya don kiwo ya yi musu wuya, da ya kawo su sai ya kira su Sahoro da Sahorama. Kafin a ce komai sunan ya riga ya gama bayani.

Ga wasu wuraren da na ga ana yawan faɗawa rami. Kerkecin Turai abin tsoro ne, kurarmu kuwa ga kwaɗayi ga tsoro ga wauta, yara dariya suke mata. In ka musanya su kai tsaye, labarin ban tsoro ya koma na ban dariya. In tsoro kake nema, Dodo ne naka. Wayo kuma iri biyu ne a wurinmu, na dila malamin daji mai natsuwa, da na Gizo mai haɗama wanda rabin lokaci wayonsa a kansa yake ƙarewa, kuma ba a sa ɗaya a gurbin ɗaya.

Gado ma haka. Labaran Turai da yawa suna farawa da uba ya mutu, babba ya ɗauki injin niƙa, na tsakiya jaki, ƙarami aka bar shi da kyanwa. A garin Musulmi 'ya'ya maza rabonsu ɗaya, kuma akwai malamin da zai zo ya raba. In kana son Auta ya tashi da kyanwa kaɗai, sai ka biya kuɗin wannan da dalili: bashi ya cinye dukiyar, ko yayyen sun ɓoye shanu a ruga kafin ranar rabo, ko an yi masa wayo yana ƙarami. Jimla biyu sun isa, amma in babu su mai karatu ya daina yarda da kai tun shafin farko.

Matar uba ita ce babba. A Turai sai uwa ta mutu matar uba ke shigowa. A gidan Bahaushe kishiya da uwar yarinya suna tsakar gida ɗaya, bora tana kallo ana wulaƙanta 'yarta ba ta da bakin magana, miji kuma ya karkata ga mowa. Wannan ya fi maraici ciwo, kuma ya ba ka mutum guda da labarin Turai ba shi da ita. Marubucin da ya kashe uwar don kawai haka ya gani a fim ya zubar da abu mafi tsada da ke hannunsa.

Sai murya. Labaran Imam an yi su ne don kunne, shi ya sa da aka mai da su wasan talabijin a NTA Kaduna suka zauna ba tare da wahala ba. Gwajin da nake ba kowa shawara shi ne ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi ga yaro ɗan shekara goma. Labari guda kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar. Inda yaron ya fara wasa da yatsunsa, nan ne za a yanke. In abu zai faru sau uku, kamar yadda tatsuniya ke so, na farko a ba shi cikakken bayani, na biyu rabin haka, na uku ya zo da sauri kuma ya saɓa. Masu koyo sukan ba ukun tsayi ɗaya, sai labarin ya yi nauyi a tsakiya.

Karin magana kuma gishiri ne. Mutane sun ga Imam yana sa wa labari take da karin magana, irin su Banza ta kori wofi, sai suka ɗauka yawanta ne gwaninta. Biyu ko uku a labari sun wadatar, kuma su fito daga bakin wanda zai iya faɗinsu. Tsohuwa ko bafade, i. Yarinya 'yar shekara tara, a'a.

Abu na ƙarshe a nan shi ne sihiri. Duk zobe ko laya ko aljanin da ka shigo da shi, ka yanke masa aiki guda, da sharaɗi guda, da abin da zai ci wa mai shi, kuma ka faɗa wa mai karatu tun kafin a bukace shi. In zoben da aka ce yana ɓatar da mutum ya zo babi na tara ya fara warkar da ciwo don jarumi ya shiga matsala, labarin ya mutu, ko da an ci gaba da buga shi har babi na sittin. Littattafan yaƙi da aljannu da ake rubutawa yanzu, wannan ce cutar da ta fi kashe su.

"Ai duk ƙarya ce, ɓata lokaci ne"

Wannan sukar daga wani ɓangare take zuwa, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Mai tatsuniya bai taɓa cewa gaskiya yake faɗi ba. Da "ga ta nan ga ta nanku" yake buɗewa, ya rufe da "ƙurungus", har ya ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Yaro ɗan shekara biyar ya san kura ba ta magana. Kuma yaran da aka hana Aku ba littafin fiƙihu suka koma ba, wayar uwarsu suka ɗauka suna kallon zanen da aka yi wa yaran wata ƙasa.

Namu na gida da ke jiran masaƙa

Abin da ya fi damuna a duk wannan muhawarar shi ne ta ɗauke mana hankali daga aron da Imam ya yi a cikin gida. Sunan Ruwan Bagaja kansa daga tatsuniya yake, wadda kakanni ke yi: 'yar bora da aka tura ta wanko ƙirgi a ruwan da ba wanda ya san inda yake, ta bi hanya da ladabi, ta tarar da cinya da kare a bukka ba ta yi musu dariya ba, ta dawo da arziki, 'yar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da masifa. Imam ya ɗauki ruwan da nisansa, ya ba namiji mai bakin tsiya tafiyar, ya mai da ita neman magani.

Ita kanta tatsuniyar har yau ba a ba ta littafin da ya dace da ita ba. Ga Daskin-da-riɗi, ga Ta-kitse, ga tarin da Frank Edgar ya buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, ga Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. A wasu ƙasashe marubuta sun gina suna kacokan a kan ɗaukar tatsuniya mai shafi uku su mai da ita littafi mai shafi 300, ta hanyar tambayar abin da tatsuniyar ta tsallake. Mu ma tambayoyin suna nan. Me bora take yi a kwanakin da 'yarta ke hanya? Wa ya mai da cinya cinya, kuma me take jira a bukkar nan? 'Yar mowa da uwarta ta tura ta ba da shiri ba, laifin nata ne? Kowace ɗaya littafi ce.

Ga mai son gwadawa, akwai iyaka ɗaya da ya kamata ya sani. Labaran Grimm da na Dare Dubu da Ɗaya na asali sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, domin Wilhelm Grimm ya rasu a 1859, ɗan'uwansa Jacob a 1863. Rubutun Imam kuwa bai fita ba. Ya rasu a 1981, dokar Nijeriya ta 2022 kuma tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato sai bayan 2051. Kana iya komawa ga akun Indiya ka saƙa naka, da naka sarkin da naka dalilin hana fita. Amma Musa da Mahmudu da Waziri Aku da Fasih, da jimlolin da aka faɗe su da su, na Imam ne, kuma wanda ya karance su a YouTube yana karɓar kuɗin talla ba da izinin masu haƙƙi ba, shi ne ya yi abin da ake zargin Imam da shi.